Tausayi, Kirki da Jinƙai: Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

 

Ƴan'uwa ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan ɗan littafi, darasin da muka zaɓa bana yana kan kalmomi uku ne da kullum suke bakinmu: tausayi, kirki da jinƙai. Mukan faɗe su kamar abu guda ne, mu ce wane yana da tausayi, wance mutuniyar kirki ce, Allah ya ji ƙan wane. To amma da muka duba abin da muka karanta a hadisi da tafsiri, muka kuma dubi yadda ake zama a unguwanninmu na nan Maraɗi, sai muka ga kowace kalma da wurinta. Sanin bambancin yana da amfani ƙwarai, domin mutum yana iya jin tausayin ɗan'uwansa da gaske, amma ya rabu da shi ya bar masa ciwon da ya fi wanda ya tarar.

Menene tausayi?

Tausayi motsi ne da ke tashi a zuciya idan mun ga wani cikin wahala. Ba a shirya masa, zuwa yake yi kawai. Ka ga tsohuwa ta ɗauko itace a ka tana tafiya da ƙyar cikin zafin bazara, ko ka ga jariri yana numfashi sama-sama a hannun uwarsa a bakin likita, sai ka ji wani abu ya tsirga maka a ƙirji, bakinka ya ce "Allah sarki!" ko "Wayyo!" tun ba ka yi tunani ba. Wannan shi ne tausayi. Ko a kunne ma kalmar tana kama da taushi, kuma haka abin yake: zuciya ce take yin taushi. Hausawa sun ce abin da ya taɓa hanci, idanu ruwa suke yi.

Wannan taushi baiwa ce daga Allah. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah ya kasa rahama kashi 100, ya riƙe 99 a wurinsa, ya saukar da ɗaya a duniya, kuma da wannan ɗayan ne halittu suke tausaya wa juna, har dabba take ɗaga ƙafarta don kada ta taka ɗanta. Ke nan babu abin alfahari don mutum ya ji tausayi, tun da goɗiya ma tana jin sa. Abin tsoro shi ne a rasa shi. Lokacin da Aƙra'u ɗan Habisu ya ga Annabi (SAW) yana sumbatar jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da ƴaƴa 10 amma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi bai yaba masa ba, ya faɗakar da shi cewa rahamar da mutum ya hana wasu, shi ma za a hana shi.

Idan muka lura, abu biyu ne ke buɗe ƙofar tausayi ko su rufe ta. Na farko shi ne gani. Wanda bai duba ba, ba zai ji komai ba, shi ya sa wani ke kawar da kai idan ya hango mabuƙaci. Na biyu shi ne hukuncin da muke yankewa a zuci. Da zarar mun ce "ai shi ya jawo wa kansa", shi ke nan zuciya ta ƙulle. Yaron da ya faɗa shaye-shaye, matar da aurenta ya mutu sau biyu, ɗan kasuwar da bashi ya karya, sau da yawa ba sa samun ko "Allah sarki" ɗin daga gare mu, alhali ba mu san rabin labarinsu ba.

Menene jinƙai?

A Larabci muna da kalmar *rahma*, wadda muke fassarawa da rahama ko jinƙai. Malamin lugga Ragibul Asfahani, mai littafin *Mufradat* da ke bayanin kalmomin Alƙur'ani, ya nuna cewa rahama tana da ɓangare biyu: taushin zuciya, da kuma kyautatawar da taushin ke jawowa ga wanda aka tausaya wa. A nan ne bambancin yake. Tausayi shi ne ɓangaren farko. Idan ya sauko daga zuciya ya iso hannu da ƙafa da aljihu, to ya zama jinƙai.

Kalmar *rahma* tushenta ɗaya da *rahim*, wato mahaifa. Mu dubi uwa mana. Idan ɗanta ya yi kuka da tsakar dare, ba ta kwanciya ta ce "Allah sarki, yunwa yake ji". Tashi take yi. Haka kuma sunayen Allah guda biyu da ke cikin Bisimilla, Ar-Rahman da Ar-Rahim, daga wannan tushe suke, kuma surori 113 cikin 114 da Bisimilla ake buɗe su, ban da Suratut Tauba. Malaman hadisi ma suna da al'ada mai kyau: hadisin farko da malami ke karanta wa sabon ɗalibi shi ne wanda ake kira hadisin rahama, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai kira ga a ji ƙan waɗanda ke bayan ƙasa. Da shi ake buɗe karatu tun kafin a shiga hukunce-hukunce.

Labarin mutumin nan da kare yana nuna mana yadda tausayi ke zama jinƙai. Mutumin ya sha ruwa a rijiya, ya fito ya ga kare yana lasar danshin ƙasa don ƙishirwa. Sai ya tuna irin ƙishirwar da shi ya ji ɗazu. Wannan tausayi ne. Da ya tsaya nan ya wuce, da babu labarin da za a ba mu. Amma ya koma cikin rijiyar, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hauro, ya shayar da karen, sai Allah ya gafarta masa. A ɗaya gefen kuma ga matar da ta ɗaure kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nemi na kanta ba har ta mutu, aka shigar da ita wuta saboda haka.

Wani misalin: Annabi (SAW) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan jariri, sai ya taƙaita, don ya san halin da zuciyar uwar ke ciki. Babu wanda ya roƙe shi. Ya ji, ya gane, ya canza abin da ya yi niyya.

Menene kirki?

Kirki kuwa ba ya jiran sai an ga wahala. Hali ne da mutum ke tafe da shi kullum, ga mai kuɗi da talaka, ga mai lafiya da maras lafiya. Gaisuwa da sakin fuska, ba baƙo ruwa, nuna hanya, ara wa maƙwabciya turmi ko rariya, matsa wa ɗan'uwa a kan tabarmar aji, duka kirki ne. Maƙwabcinka da ya fi ka arziki ba ya buƙatar tausayinka, amma yana buƙatar kirkinka.

Suratul Ma'un, sura ta 107, wadda ƙannenmu na ajin farko ma sun haddace, ta haɗa abubuwan nan wuri guda. Ta zargi mai tunkuɗe maraya da wanda ba ya kwaɗaitar da ciyar da miskini, sannan ta rufe da zargin masu hana *ma'un*. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa *ma'un* ya ƙunshi irin kayan da mutane ke ara wa juna, kamar guga da tukunya. Dubi dai, ƴan'uwa, hana aron guga an ambace shi a sura ɗaya da wulaƙanta maraya.

To ga yadda muka fahimci alaƙar ukun. Tausayi yana zuwa ya tafi, gwargwadon abin da ido ya gani. Kirki yana nan ko an ga wahala ko ba a gani ba. Jinƙai kuma shi ne idan tausayi ya samu mutumin kirki, sai ya tashi ya yi abin da ya dace, ta hanyar da ta dace. Mai tausayi maras kirki yana iya bayarwa yana zagi. Mai kirki da bai lura da wahalar mutane ba yana iya gaishe ka da fara'a alhali kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidanka ba. Muna buƙatar duka biyun.

Yadda tausayi ke lalacewa

Na ɗaya, tausayin da ke tsayawa a baki. Mota ta kaɗe ɗan kabu-kabu, mutane sun taru kowa na salati, wasu sun fito da waya suna ɗauka, amma an daɗe kafin a samu mai cewa a kai shi likita. Ko a turo hoton maras lafiya a WhatsApp, kowa ya rubuta "Allah ya ba shi lafiya" ya wuce. Addu'a alheri ce babba, ba mu raina ta ba. Amma wanda ke da dala ɗari a aljihu, ko ƙafar zuwa dubiya, ko jinin da zai iya bayarwa, bai kamata ya ɓoye a bayan addu'a ba. Akwai ma haɗari a nan: idan mutum ya saba jin tausayi ba ya yin komai, sannu a hankali zuciyar takan daina motsawa.

Na biyu, tausayin da ke tafe da raini. Wannan shi ne wanda ya fi ciwo, kuma shi ya sa za ka ji mutum ya ce "ba na son a tausaya min". Ba taimakon yake ƙi ba, kallon da ke biye da shi yake ƙi. A tara mata a rana a ba kowace tiya biyu ta hatsi, a ce ta ɗaga ta ga mai hoto, gobe fuskarta ta zagaye Facebook. A kira ɗalibi gaban ƴan ajinsu a ce wane ya biya masa kuɗin wata saboda shi maraya ne. A miƙa wa almajiri tuwon da ya yi tsami, wanda mu ba za mu iya kai wa baki ba, sannan a jira ya yi godiya. Suratul Baƙara, daga aya ta 262 zuwa ta 264, ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, har ta fifita magana mai daɗi a kan sadakar da cutarwa ke bi. A aya ta 267 kuma an hana mu zaɓo lalatacce mu bayar. Kakanninmu sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

A duba yadda magabata suka yi. Aliyu ɗan Husaini, wanda ake kira Zainul Abidina, yakan ɗauki buhun abinci a bayansa da dare ya ajiye a ƙofar gidajen mabuƙata a Madina. Ba su san mai kawowa ba sai da ya rasu abin ya yanke, masu wankan gawa kuma suka ga tabon ɗaukar kaya a bayansa. Waɗannan mutane sun yi shekaru suna haɗuwa da shi a masallaci ba tare da sun sunkuyar da kai ba. Wannan shi ne kiyaye mutunci.

Haka nan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, sahabi makaho wanda saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa. Ba a zaunar da shi a gefe ana cewa "Allah sarki" ba. Ladani ne tare da Bilal, kuma Annabi (SAW) ya sha barinsa a Madina yana yi wa mutane limanci idan ya fita yaƙi. Mu fa, makaho ko gurgu ko kurma nawa ne a unguwarmu da muka taɓa tambayarsa abin da ya iya? Mun fi saurin miƙa masa dala biyar a kan mu matsa masa wuri a aji ko mu sayi abin da yake sayarwa.

Na uku, tausayin da ke rufe ido ga abin da zai amfani mutum. Uwa ta ƙi kai yaro allura don kada ya yi kuka. Aboki ya ga abokinsa ya fara shan ƙwaya ya rufa masa asiri, wai yana tausayin kada babansa ya kore shi. Ɗalibi ya bar ɗan'uwansa ya kwafi amsa a jarrabawa don kada ya faɗi. Mai yin haka sau da yawa kansa yake tausaya wa, don ba ya son jin nauyin faɗar gaskiya. Annabi (SAW) ya umarce mu da taimakon ɗan'uwa ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, ya kuma bayyana cewa taimakon mai zalunci shi ne a hana shi. Jinƙai wani lokaci ɗaci ne da shi kamar magani.

Na huɗu, tausayi mai zaɓe. Namu muke tausaya wa, ɗan garinmu, ɗan ƙabilarmu, ɗan ƙungiyarmu ta addini. In abu ya samu wani can, sai mu ce "su suka sani". Alhali wanda aka gafarta wa a hadisin can, kare ya shayar.

Jinƙai idan wahala ta game gari

A shekara ta 18 bayan hijira aka yi fari mai tsanani a ƙasar Hijaz, shekarar da ake kira *Amur Ramada*, wato shekarar toka. Mutanen ƙauye suka kwararo Madina. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu sauƙi, ya koma cin mai da gurasa har launin jikinsa ya canza. Bai tsaya nan ba. Ya rubuta wa gwamnoni su aiko da abinci, ya sa aka riƙa dafawa ana ciyar da mutane, shi da kansa yana zagayawa yana dubawa. Ya ɗanɗani yunwar da talakawansa ke ji, sannan ya yi tsari.

Mu ma a ƙasarmu mun san irin wannan. Iyayenmu suna ba mu labarin yunwar 2005, bayan ƙarancin ruwa da farar da ta ci amfanin gona a 2004, yadda rumbuna suka ƙare tun kafin damina, farashin hatsi ya tashi, yara suka cika wuraren jinya a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Kuma da wayonmu muka ji yadda tun daga 2019 dubban mutane, galibinsu mata da yara, suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suna gudun ƴan bindiga, suka sauka a ƙauyukan yankin Gidan Rumji. Tun kafin ƙungiyoyin agaji su kankama, mutanen ƙauyukan ne suka buɗe musu gidaje, suka raba ɗan hatsin da ke akwai da ruwan rijiya guda. Su kansu ba masu wadata ba ne. Wannan ya tuna mana da mutanen Madina da suka karɓi masu hijira daga Makka.

A cikin labarin hijirar akwai darasi ga mai bayarwa da mai karɓa. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya sa masa albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa, ba a daɗe ba ya tsaya da ƙafarsa. Sa'adu bai ji haushi ya ce an raina kyautarsa ba. Wani buƙatarsa abinci ce yau, wani jari yake so, wani fili ya noma, wani kuma kawai a saurare shi. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Saboda haka kafin mu yanke abin da za mu ba mutum, mu tambaye shi, cikin sirri da ladabi.

Abin da ya rage gare mu ɗalibai

Wani zai ce, "To mu da ba mu da ko sisi, ina ruwanmu da wannan darasi?" Ai jinƙai ba duka ne da kuɗi ba. Ɗan ajinmu da zazzaɓi ya kwantar mako biyu, wani ya kwafa masa darussa ya kai masa gida. Wanda karatu ke yi wa wuya, a zauna da shi bayan la'asar a maimaita, ba a gaban mutane ba. Almajirin da ke zuwa ƙofar gidanmu, mu san sunansa, mu zuba masa daga tukunyar da muka ci, in ba shi da lafiya mu gaya wa manya. Tsohuwar da ba ta da mai ɗebo mata ruwa, ƴan fada su raba kwanaki a tsakaninsu, tun da dai ana samun lokacin shan shayi.

Mu kuma buɗe ido ga waɗanda ba sa roƙo. Aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta yi maganar mabuƙatan da wanda bai san su ba zai zaci mawadata ne saboda kamun kansu. Suna nan a kowace unguwa da kowane aji: yarinyar da kullum ke cewa "na ƙoshi" lokacin tara, yaron da ya daina zuwa ba don ƙiwuya ba sai don rigarsa ɗaya ta yage. Irin waɗannan tausayi ba ya ganinsu, don ba sa nuna komai. Mai kirki da ya saba zama da mutane yana lura shi ke gano su.

Ga tambayoyi uku da za mu iya yi wa kanmu duk lokacin da "Allah sarki" ta fito daga bakinmu. Me zan iya yi yanzu, ko da kaɗan ne? Shin abin da zan yi shi ne mutumin ke buƙata, ko ni ne nake son in ji daɗin raina? Kuma idan mun haɗu gobe a hanya, zai iya kallona ido da ido, ko zai canza hanya don kunya? Idan amsar ta ƙarshe ita ce zai canza hanya, to a sake dabara tun kafin a miƙa hannu.

Yau gare ka, gobe ga wani. Babu ɗayanmu da ya san ranar da shi zai zama abin tausayi, kuma a ranar dukanmu za mu so a taimake mu ba tare da an tozarta mu ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.